Ƙwayar Lantarki: Ina Ya Kamata Kuɗin Gwamnati Su Fara Zuwa?

Duk wanda ya shiga filin baje kolin duniya da ke Rigachikun, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, zai ga rumfuna cike da wayoyin hannu da kwamfutoci da na'urorin hasken rana. A cikin kowace ɗaya akwai wata 'yar ƙwaya ta silikon wadda ba ta wuce farce ba, masana na kiranta semikondakta. Ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, kuma daga ƙetare ake kawo ta.

Haƙiƙa manyan ƙasashe sun gane darajar wannan ƙwaya. Da ta yi ƙaranci a 2021, masana'antun motoci da yawa a duniya sun tsai da aiki. A 2022 Amurka ta kafa doka ta ware fiye da dala miliyan dubu 52 domin a riƙa ƙera ta a gida. Ganin haka, ba mamaki a ce Nijeriya ma ta zuba kuɗi ta gina irin wannan masana'anta. Ra'ayi ne mai daɗin ji, amma fa ba a fafe gora ranar tafiya.

Kaduna ta san wannan labari. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957 da hannun Gwamnatin Jihar Arewa, ta ciyar da dubban gidaje, sa'an nan ta rufe a 2002, bayan rashin wutar lantarki da tsufan injuna da atamfar fasa-ƙwauri sun durƙusar da ita. Kamfanin Peugeot kuwa ya fara harhaɗa motoci a 1975, amma galibin sassan daga Faransa suke zuwa. Da darajar naira ta faɗi, sassan suka yi tsada, sai aiki ya ja baya. An sayi gini da injuna, ba a mallaki sanin ƙira ba.

Tsibirin Taiwan ya bi wata hanya dabam. A 1973 gwamnatinsa ta kafa cibiyar binciken fasaha, a 1976 ta tura matasan injiniyoyi kamfanin RCA na Amurka su koyi sana'ar da hannunsu. Sai a 1987 aka kafa kamfanin TSMC, gwamnati ta sa kusan rabin jarin. Watau mutane aka fara ginawa, shekara goma sha huɗu kafin kamfani.

Masana'antar ƙwaya ta zamani kan ci fiye da dala miliyan dubu 10, tana kuma bukatar wutar da ba ta ƙiftawa da tsabtataccen ruwa mai yawa. Garin da maƙeri ke jiran wuta kafin ya yi walda bai kai nan ba tukuna.

Saboda haka tallafin gwamnati wajibi ne, sai dai a san inda za a sa shi. A fara gyara wutar lantarki. A wadata Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da kayan koyar da zanen ƙwayar, domin zane kwamfuta da basira yake bukata. A taimaki ƙananan kamfanoni su koyi harhaɗawa da gwaji, a kuma bi sawun kowane kwabo. Da rarrafe yaro kan tashi. In aka ƙi haka, za a ƙara wa Kakuri wani kango ne kawai.