Tukunyar Wake da Ganye: Abin da Talakan Italiya Ya Riƙe, Mu Muka Saki

 

Kwanan nan wani ɗalibina ya nuno min hoton wata miya a waya, wai ita miniistironi, ta mutanen Italiya, ana ta yabon amfaninta ga lafiya. Na ce karanto min kayan haɗin. Wake, albasa, tafarnuwa, karas, kabeji, tumatir, ganye, ɗan man zaitun, sai taliya kaɗan. Na yi dariya na ce, Malam, ai wannan ƙanwar fate ce. A can ma abincin manoma ne, abin da gona ta bayar shi ake zubawa.

To ga ra'ayina, kuma ba zan ɓoye ba: gidan da ake ɗora irin wannan tukunya sau biyu ko uku a mako ya fi gidan da ke cike da kwalaben jiƙo dabara. Ni mai ba da magani ne, amma gaskiya ɗaya ce. Mutum ya zo min da hawan jini ko suga, in tambaye shi abincinsa: safe shayi da burodi, rana farar shinkafa da mai, dare taliyar leda, ga ɗunkule biyar a miya ɗaya. Wane sassaƙe ne zai gyara abin da kake ɓatawa sau uku kullum?

Kada ka ce abincin Turawa ne. Waken nan namu asalinsa Afirka ne, kuma shi mutanen Rum na dā suke ci tun kafin a kai musu waken Amurka. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na biye. Sannan Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa wani tela ya gayyaci Annabi (SAW), ya kawo gurasar sha'ir da romo mai kabewa da busasshen nama, Anas ya ga yana bin kabewar a gefen akushi. Ashe romo da kayan lambu ba baƙonmu ba ne.

Ga yadda za a yi, na mutum shida. Duk kayan akwai su a kasuwar Tarauni, in kuwa da yawa kake so ka leƙa 'Yankaba.

Uwargida, ki tsince wake gwangwani biyu, ki wanke sosai, ki jiƙa tun dare. Da safe ki zubar da ruwan, ki tafasa, ki sake zubarwa. Wannan ba tsirfa ba ce: yana rage kumburin ciki, kuma mun san wasu na zuba wa wake maganin ƙwari a ajiya. Dalilin haka ne ma Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Waken da kika ji yana warin magani, kar ki saya ko da araha.

Ki zuba cokali biyu na man zaitun, in babu hali man gyaɗa ya wadatar. Ki soya albasa biyu da tafarnuwa a wuta kaɗan, su yi laushi kar su ƙone. Ki sa tumatir huɗu da ɗan attaruhu da daddawa. Sai waken da ruwa mai yawa. In ya fara nuna, ki zuba kabewa da karas, bayan nan kabeji, da taliya cikin tafin hannu ɗaya kawai. Alayyahu ko zogale da ɗoɗɗoya su ne na ƙarshe, minti biyar ki sauke. Ki murƙushe ludayi ɗaya na waken a ciki, romon zai yi kauri.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, a bar kanwa, jiƙon dare ya ishe shi nuna. Na biyu, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma ɗunkule yawancinsa gishiri ne. Daddawa da tafarnuwa da citta za su ba ki ɗanɗanon da kike nema.

Na san abin da maigida zai ce: wannan ai ba ta riƙe ciki. Alhaji, gwada tukuna. Wake yana daɗewa bai narke ba, shi ya sa ba ya ɗaga suga da sauri kamar farar shinkafa, kuma ba za ka ji yunwa da wuri ba. Ka tuna hadisin nan da ya raba ciki uku: abinci, ruwa, numfashi. Wanda bai saba ba ya fara da ƙaramin kwano. Yara kuma in sun ga babansu na sha, za su sha.

Sai gargaɗi. Wannan abinci ne, ba madadin maganin likita ba. Mai hawan jini ko suga kada ya ajiye ƙwayarsa don ya fara shan romo. Mai ciwon ƙoda kuwa ya tambayi likitansa kafin ya yawaita wake da ganye. Mu da ke Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi, ga Asibitin Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, ba mu da uzurin ƙin auna jini.

A ƙarshe, Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Abu Zarri (RA) in ya dafa romo ya ƙara masa ruwa ya tuna da maƙwabta. A wannan tsadar rayuwa, kwano ɗaya da za ki miƙa ta katanga zai iya zama abincin daren wasu marayu.

Ranar Juma'ar nan, maigida, ka shigo da wake da kabewa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa 'yan'uwa.

Wassalamu alaikum.