Kafin a yar da tsohuwar amfilifaya

Duk wanda ya taɓa kwana a Kongo ko wani sashe na Tudun Wadan Zariya ya san yadda asuba take. Masallacin wannan layi zai fara kiran salla, na layin baya ya karɓa, kafin a jima unguwa ta ɗauka. A cikin waɗannan muryoyi ba a rasa guda da ke fita da ƙugi, ko ta yanke ana tsakiyar kira, ko ta yi wata irin ƙara mai soke kunne. Galibi matsalar tana cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke ajiye kusa da mumbari, wato amfilifaya, wadda shekaru da ƙura da wutar lantarki mai hawa da sauka suka gajiyar.

Irin wannan gajiya ta kama amfilifayoyin cikin gidaje ma. Kongo unguwar ma'aikata ce da ɗalibai tun da daɗewa, domin a nan Cibiyar Koyon Aikin Mulki take, wadda ta samo asali a 1947 kafin ta zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a nan Tsangayar Shari'a take. Lokacin da aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, kayan sauti na cikin abubuwan da aka yi rububin saye a faɗin ƙasar nan. Kenwood da Pioneer da Sansui da Akai da Technics sun shiga faluka, aka ji Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya a faifai da kaset. Waɗanda suka rage daga cikinsu yau sun haura shekara 40, wasu suna hannun 'ya'ya, wasu an kai su masallaci ko makarantar Islamiyya a matsayin sadaka.

Tambayar da ke gaban magidanta da kwamitocin masallatai ita ce, a gyara ko a sauya? In kuma sauyawa za a yi, da me? Batun na iya zama ƙarami a ido, amma kuɗin jama'a ne a ciki, akwai lafiyar kunnen maƙwabta, akwai kuma abincin masu gyara. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga kusan Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, kuma kusan duk amfilifayar da ke kasuwa daga waje aka shigo da ita. Kuskuren da a da ake gyarawa da karo-karon Juma'a ɗaya, yanzu yana iya cin kuɗin asusun masallaci na watanni.

Matakin farko shi ne a kai ta wurin mai gyara kafin a yanke mata hukunci. Yawancin tsofaffin amfilifayoyi ba mutuwa suke yi gaba ɗaya ba. Akwai wasu ƙananan kayayyaki a cikinsu da masu gyara ke kira kafasita, masu ɗauke da wani ruwa da ke bushewa a hankali, musamman a wuri mai zafi. Idan suka bushe sai a riƙa jin ƙugi a ƙarƙashin murya. Ƙarar da ake ji lokacin murɗa maɓallin sauti kuwa yawanci ƙura ce, kuma wanda ya ga hunturun Zariya ya san inda take fitowa. Sauran matsalolin su ne dalma da ta saki, da fiyus, da taransista da ta ƙone. Duk waɗannan ana gyara su da kuɗin da bai kai na sabuwa ba, domin an ƙera tsofaffin injinan ne da manyan kayayyaki da hannu ke iya cirewa ya mayar. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai mai gyaran ya san aikinsa.

Sai dai gyara yana da iyaka. Idan babbar taransfomar ciki ta ƙone, ko allon da kayan ke kai ya babbake, ko kuma an kai ta wurin gyara sau uku a shekara guda kan matsala ɗaya, to ci gaba da zuba mata kuɗi asara ce. Wasu kamfanonin ma babu su, kamar Sansui da ya durƙushe a 2014, kuma samun ainihin kayan gyaransu sai an sha wuya. A nan ne ya dace a fara maganar sabuwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa amfilifayar gida da aikin masallaci. Ta gida, wadda ake kira hi-fi, an yi ta ne domin sifiku biyu a cikin ɗaki, da gajeriyar waya, kuma burinta shi ne tsabtar sauti. Ta masallaci ko makaranta aikinta daban. Tana karɓar makirfo biyu ko uku, tana tura murya zuwa lasifikoki masu bakin ƙaho da ke kan rufi ko hasumiya, ta doguwar waya. Saboda haka ne ake yi mata mafita ta musamman mai rubutun 70V ko 100V, wadda ke ba da damar jera lasifikoki da yawa ba tare da ƙarfin ya zube a hanya ba. Irin su Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan sun yi suna a masallatai ne saboda wannan aiki aka ƙera su, kuma da yawa daga cikinsu suna aiki da batir idan an ɗauke wuta. Wanda ya ba masallaci tsohuwar Kenwood ɗinsa ya yi niyyar alheri, amma idan aka jona mata ƙaho huɗu da waya mai tsawon mita 50, ba za ta daɗe ba.

Abu na gaba shi ne lambar da ke jikin kwali. Ana shiga shago a Sabon Garin Zariya ko Sabon Garin Kano a ga ƙaramar amfilifaya da za a iya ɗauka da hannu ɗaya an rubuta mata wat 3,000 ko 5,000. Idan aka duba da kyau za a ga haruffan PMPO a gefen lambar. Wannan awo ne na talla da ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka amince da ita, kowa yana rubuta abin da ya ga dama. Lambar da ake dogara da ita ita ce mai haruffan RMS, domin ita ke nuna ƙarfin da injin zai iya bayarwa a kai a kai. Akwai kuma hanya mai sauƙi ta kama ƙarya, wato a juya bayan injin a karanta yawan wutar da yake ja. Injin da ke jan wat 60 daga bango ba zai taɓa ba da wat 3,000 ba.

Yawan wat ɗin ma ba shi ne komai ba. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu yana ƙara sauti da desibel 3 ne kacal, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau 10. Lasifika mai bakin ƙaho kuwa tana ba da sauti mai ƙarfi da wat kaɗan, fiye da sifikar falo nesa ba kusa ba. Ma'anar wannan ita ce masallacin layi mai sahu biyar ko shida ba ya bukatar injin da ake kai wa filin taron siyasa. Idan ana amfani da mafitar 100V, lissafin mai sauƙi ne: a haɗa wat ɗin da aka saita kowace lasifika a kai, a sayi amfilifayar da ta ɗara jimillar da kamar kashi 20 cikin 100.

Ga magidancin da ke son ci gaba da amfani da tsofaffin sifikunsa na katako, abin dubawa shi ne lambar om da ke bayansu, yawanci 4 ko 6 ko 8. Dole sabuwar amfilifayar ta kasance mai ɗaukar wannan lamba. Idan aka jona sifiku biyu masu om 8 a baki ɗaya sun koma 4, idan aka jona huɗu sun koma 2, kuma yawancin amfilifayoyin gida ba sa jure 2. Zafi za su yi su ƙone, sannan a ɗora laifin a kan mai shago. Haka nan ƙaramar amfilifayar da ake murɗe wa sauti har ƙarshe tana iya ƙona sifika, domin sautin da take fitarwa a lokacin ya riga ya gurɓace.

Sai batun wuta, wanda a Zariya ba a raba shi da kowace na'ura. Sababbin amfilifayoyi da yawa suna amfani da fasahar da ake kira Class D, wadda ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja zuwa sauti, yayin da tsofaffin ke ɓarar da kusan rabi a matsayin zafi. Ga masallacin da ya koma sola da batir wannan babbar riba ce, domin batir zai kai ga sallar asuba. Amma kayan cikinsu ƙanana ne ƙwarai, an manna su da inji, kuma idan suka lalace sau da yawa sai dai a sauya allon gaba ɗaya, in an same shi. Don haka kafin a biya kuɗi ya kamata a tambayi mai gyaran unguwa ko yana iya taɓa irin wannan, kuma ko ana samun kayanta a Zariya ko Kaduna ko Kano. Kowace iri aka saya, a sa kuɗin sitabilaiza a cikin lissafi tun farko, a kuma guji kunna ta kafin janareta ya daidaita.

Masu sha'awar na hannu da ake shigowa da su ta Legas su ma su yi hattara. Ana samun nagartattun injinan Japan a cikinsu, wasu ma sun fi sababbin da ke kasuwa ƙarko. Amma wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Injin da aka yi wa waɗancan ƙasashe, idan aka jona shi kai-tsaye, hayaƙi zai yi a take. A karanta bayansa, a kuma sa mai shago ya kunna shi na aƙalla rabin awa da sifika a jone, domin wasu matsalolin ba sa bayyana sai injin ya yi zafi.

Mai saye yana da haƙƙi a doka, ko da yake da yawa ba su sani ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa Hukumar FCCPC, ta ba mutum damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibu, kuma rubutun da wasu ke yi a rasit cewa ba a dawo da kaya bai shafe wannan haƙƙi ba. Amma ba a iya bin haƙƙi ba tare da shaida ba. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan injin da lambarsa da kwanan wata da tsawon garanti. Hukumar SON ita ma tana da aiki a gabanta, domin kwalayen da ke ɗauke da lambobin ƙarya da sunayen kamfanoni na jabu ta tashoshin ruwa da iyakokin ƙasar nan suke shigowa.

Ga kwamitocin masallatai, kuɗin da ke hannunsu amana ce ta masu jefa Naira 100 da 200 a asusu. Bai dace mutum ɗaya ya tafi kasuwa ya dawo da kwali da farashi a baki ba. A nemo farashi daga shago biyu ko uku, a tafi da wanda ya san aikin, a karanta wa jama'a abin da aka kashe bayan salla, a ajiye rasit a wurin ma'aji. Unguwar da ke maƙwabtaka da jami'a, a garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ba za ta rasa mai ilimin lantarki da zai ba da shawara kyauta ba idan an nema.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda sabuwar amfilifaya ke iya takewa cikin sauƙi. A Kongo akwai ɗaliban da ke karatun jarrabawa, akwai marasa lafiya da jarirai da tsofaffi, akwai kuma waɗanda ba addini ɗaya ake yi da su ba. Hukumar NESREA tana da ƙa'idojin taƙaita hayaniya tun 2009, kuma masana lafiya sun daɗe suna gargaɗin cewa daɗewa cikin sautin da ya kai desibel 85 yana lalata ji a hankali, lalacewar da ba ta warkewa. Yaran da ke zama a gaban sifika a makarantun Islamiyya su ne suka fi shiga wannan haɗari. Mafita tana cikin zaɓen injin tun farko: a sayi mai maɓalli daban na lasifikokin waje da na ciki, ta yadda kiran salla zai fita waje, karatu da wa'azin dare kuma su tsaya ga waɗanda suka zo saurare. Wannan shawara ta shafi coci-coci da masu kiɗan biki da masu shagunan sayar da waƙoƙi daidai da yadda ta shafi masallatai.

Tsohuwar da aka sauke kuma kada a jefa ta bola ko a bar yara su fasa ta. Akwai dalma a jikin allonta, kuma ƙona wayoyi domin cire tagulla yana fitar da hayaƙi mai guba. A ba mai gyara ya ciri abin da zai yi wa wani amfani, ko a gyara ta a ajiye domin ranar da sabuwar za ta ba da matsala.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Wata ɗaya ko biyu kafin azumi ne lokacin da ya fi dacewa kwamitoci su buɗe akwatin nan su duba, tun kafin tafsiri da asham su ɗora masa aikin awanni a kowace rana, kuma tun kafin masu gyara su cika da aiki.