Sunan da Ba a Ambata Ba

A watan Yunin 2006 wata yarinya ƴar shekara 16, Taylor Swift, ta fitar da waƙarta ta farko a ƙarƙashin kamfanin Big Machine da ke Nashville a Amurka. Ta rubuta ta tare da Liz Rose, a kan saurayinta na makarantar sakandare wanda ke shirin tafiya jami'a ya bar ta. Sai dai ba sunan saurayin ta raɗa wa waƙar ba. Sunan Tim McGraw ta sa, wani fitaccen mawaƙin kiɗan kantiri, domin burinta shi ne duk ranar da saurayin ya ji muryar mawaƙin nan, ita ce za ta faɗo masa a rai.

Wannan kiɗa ba baƙo ba ne a Katsina. Ma'aikatan da suka yi ƙuruciya a zamanin kaset sun san Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton. Dabarar yarinyar ma ba baƙuwa ba ce, alkunya ce da Bahaushe ya daɗe da sani. Matar da ba ta furta sunan mijinta, da uwar da ke sakaya sunan ɗanta na fari, ba ƙauna suka rasa ba; ƙaunar ce ta yi nauyin da baki ba ya ɗauka.

Ambaton suna a waƙar Hausa yana da muhallinsa. Da Mamman Shata, ɗan Musawa, ya wake Sarkin Daura Bashar, ɗaukaka ya ƙara masa, kuma sarkin ya san da zancen, ya yi maraba da shi. Tsohuwar budurwa kuwa babu wanda ya nemi izininta. A garin da kowa ya san gidan kowa, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Sauri, suna ɗaya da unguwa ɗaya sun isa a gane mutum. Wataƙila ta yi aure, tana da ƴaƴa, tana da surukai masu waya a hannu. Matashin da ya shiga situdiyo ya zuba sunanta a baiti, ya ɗora a TikTok, shi zai kwashi tafi, ita kuma ta kwana tana amsa tambayoyin mijinta a kan abin da ya wuce tun kafin a ɗaura.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce mawaƙi na da haƙƙin labarin rayuwarsa. Haƙƙin rabi yake da shi, domin soyayya ta mutum biyu ce, ɗayan kuma ba shi da makirufo. Ita kanta Swift ba ta dawwama kan kamewar ba: a waƙarta ta biyu ta kira sunan wani ɗan makarantarsu ƙarara, daga baya kuma farautar wanda take nufi a kowace waƙa ta zama sana'ar ƴan jarida. Hakan ya sayar da faifai, babu musu. Amma waƙar farkon ba ta buƙaci haka ba kafin ta kai mataki na 6 a jadawalin waƙoƙin kantiri na Billboard. Da ta bar gurbin sunan a buɗe, kowane mai sauraro ya sa nasa a ciki, saurayin kuma ya tafi karatunsa.