Uwar Kuɗi Ba Ta Shiga Tukunya

 Maganarmu ta wannan fitowa da iyayenmu mata ce, da yayyenmu, da ƙannenmu, musamman waɗanda suka kwashi adashi bana suna shirin kafa tebur a ƙofar gida, ko ɗora tukunyar sayarwa, ko sayen keken ɗinki. Maza kuma kada su juya shafi, gama akwai rabonsu a gaba.

Kowa ya san yadda abin ya kan tafi. Mace ta fara ciniki da murna, masu saye su yi layi, a yi wata shida ana sa mata albarka, sa'an nan wata rana a ga teburin a kife cikin zaure. In an tambaya sai a ce kasuwa ce ta ƙi, ko a ce baki ne ya kama ta. Kasuwa ta kan ƙi, wannan gaskiya ne, amma sau da yawa ba ita ta kashe cinikin ba. Uwar kuɗi aka ci kaɗan kaɗan, mai ita ba ta sani ba, don ba ta taɓa raba uwa da riba ba.

Ba wanda zai koya wa matan Zango ciniki. Tun zamanin da fatake ke sauka Salaga neman goro, mata ke dafa abin da ayari zai saya ya ci. Yau ga shi ƙasar Ghana duka tana karya kumallo da koko da ƙosai, tana cin tuwon zafi, tana cin shinkafa da wake da aka rina da karan dafi, har sunan da su ke kiran abincin da shi daga wakenmu aka samo shi. Watau hannu dai akwai, masu saye kuma akwai. Abin da ya rage lissafi ne.

Ku dubi Esther Afua Ocloo, mutuniyar Peki, wadda aka haifa cikin 1919. Da ta gama makarantar Achimota ba ta da aiki, sai wata 'yar'uwar iyayenta ta ba ta sule 10. Ta sayi lemo da sukari da itace da kwalabe, ta yi jam kwalba 12, ta sayar sule sule. Ba ta cinye abin da ya fito ba, ta mayar da shi kasuwa. Cikin 1942 ta kafa sana'ar da sunanta na gida, Nkulenu, makarantar da ta yaye ta kuma ta ba ta kwangilar kawo ruwan lemo da jam. Daga nan abin ya zama masana'anta a Madina. Cikin 1979 tana cikin waɗanda suka kafa Women's World Banking domin nema wa mata rance a duniya, ita ce kuma shugabar farko. Ta rasu cikin 2002. Sule 10 ba wani abin kirki ba ne ko a zamanin, amma an bar su sun haihu.

To, yaya uwar kuɗi ke ƙarewa? Bari mu yi lissafi irin na ofis, da misali. Mu ɗauka Hajiya mai koko ta kashe sidi 300 wajen gero da wake da mai da kayan yaji da sukari da gawayi. In ta sayar da kome, sidi 400 za ta samu. A ranta riba sidi 100 ke nan. Amma yara da maigida da baƙo sun sha na sidi 30. Maƙwabta sun karɓi na sidi 25 bashi. Saura 345. Daga ciki ta biya niƙa 15, ruwa 10, tikiti 5, yarinya mai taya ta 20. Saura 295. Gobe da za ta koma kasuwa, uwar kuɗinta ta ragu da sidi 5, ita kuwa tana ganin an yi ciniki, tun da ya ke tukunya ta ƙare tas. Sidi 5 kullum, cikin kwana 30 ya zama 150, watau rabin jarin ya tafi. Ba ɓarawo, ba gobara, ba maye.

Maganin wannan littafi ne na 'yan makaranta da alkalami. Ko wane shafi a raba shi uku: abin da ya fita, abin da ya shigo, abin da ke hannun mutane. Abin da gida ya ci a rubuta shi da kuɗinsa kamar baƙo ne ya saya. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, lissafi bai san bambanci ba. Wadda ba ta iya ko ɗaya ba ta zaunar da ɗanta ko jikarta bayan magariba ta faɗa a rubuta, minti 10 ya isa. Sa'an nan a sami gwangwani biyu, ko jaka biyu. Ɗaya na uwa, ba a taɓa shi sai ranar sari. Ɗaya na riba, daga nan a ke cefane, daga nan a ke biki. Ke ma, Inna, ki yanka wa kanki lada ko wace rana, ko kaɗan ne, gama wadda ba ta biya kanta ba, hannunta zai riƙa shiga gwangwanin uwa ba ta ankara ba.

Akwai wani rami kuma wanda ko masu littafi su kan faɗa. Cikin Disamba 2022 kowa ya ɗanɗana shi, sa'ad da hauhawar farashi a Ghana ta kai 54.1 cikin 100. A irin wannan lokaci, mace ta sari buhu sidi 500, ta sayar da shi mudu mudu ta tara 600, ta ce ta ci 100. Ta koma wurin sari ta tarar buhu ya kai 700. Ribar ta zama gibi, ba ta iya mayar da buhunta. Saboda haka kada ki sa farashi bisa abin da kika saya jiya. Ki sa shi bisa abin da za ki saya gobe, ki riƙa tambayar farashin sari ko da kayanki ba su ƙare ba.

Sai bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a Zango, inda kowa ɗan'uwan kowa ne, hana shi da wuya. Ba mu ce a hana ba. A yi masa iyaka, a rubuta shi, a sa masa rana. Wanda ya ji haushi don an rubuta sunansa, a tuna masa aya mafi tsawo cikin Alkur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda bai biya na farko ba, ba a ƙara masa na biyu. In kuwa marar hali ne ƙwarai, gara ki ba shi sadaka daga gwangwanin riba ki san kin bayar, da ki kira shi bashi ki zauna jiran abin da ba zai zo ba. Haka sha'anin biki da suna da ashobi. Zumunci wajibi ne, amma wadda ta kwashe jari ta yi ganin ido ranar Lahadi, ran Litinin ba mai zuwa ya sara mata gero.

Yanzu ga rabonku, Malam, da kai Alhaji. Shari'a ta ɗora ci da sha da tufa da wurin kwana a kan miji, ta kuma bar wa mace dukiyarta. Nana Khadija 'yar kasuwa ce mai aika kaya Sham, ba wanda ya ga aibinta. Abin da ke kashe cinikin mata da yawa shi ne, da zarar tebur ya fara motsi sai kuɗin cefane ya fara raguwa, a ce ai tana da shi. In ta taimaka da son ranta, Allah ya saka mata. In ka ranta, ka biya ran da ka ce. Maigidan da ya ɗauko mata kaya daga tasha, ya duba mata littafi, ya tsaya mata wurin mai haya, kansa ya yi wa, gama ran da aiki ya tsaya masa, wannan teburin ne zai riƙe gida.

Game da neman jari, adashi ya fi kome sauƙi, muddin an san uwar adashi, an rubuta sunaye da ranar kwasar kowa, an kuma yi da shaidu. Mai susu da ke zagayawa da kati ya kan riƙe zubin kwana 1 cikin 31 ladansa, watau wajen 3 cikin 100. Ba laifi in amintacce ne, amma ki san biya ki ke yi a ajiye miki, kuɗin ba ya haihuwa a wurinsa.

Akwai dabarar da ta fi wannan, wadda waɗansu ƙasashen Musulmi suka gwada. Cikin 1976 Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra, ƙasar Bangaladash, abin da ya zama Bankin Grameen cikin 1983. Mutanen Malesiya suka ɗauki tsarin suka kafa Amanah Ikhtiar Malaysia cikin 1987. Mata biyar biyar su ke haɗuwa, waɗanda suka san juna, ba jingina, ana taro ko wane mako, a biya kaɗan, a ajiye kaɗan, in ɗaya ta gaza sauran su tallafa. A can ma, a Kampung Baru ta yankin Titiwangsa, tsohuwar unguwar Musulmi a tsakiyar Kuala Lumpur, abincin sayarwa ne ya riƙe gidaje da yawa, kamar Nima da Aboabo. Abin lura cikin tsarin nan ba yawan kuɗin ba ne, taron mako mako ne, inda ko wace mace ta san za a tambaye ta. Wannan kuwa ba sai an jira gwamnati ba. Magajiya da mata biyar da littafi guda sun isa a fara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gwamnati ma tana da ƙofofi. An kafa MASLOC cikin 2006 domin ƙananan rance, an yi dokar Asusun Raya Zango cikin 2017, akwai kuma Ghana Enterprises Agency mai ba ƙananan 'yan kasuwa shawara da horo. Ku je, ku tambaya, ku tafi a ƙungiya da littafinku a hannu, gama ba mai ba da rance ga wadda ba ta iya faɗin abin da ta ke samu a wata. Kafin ki dangwala hannu a ko wace takarda, a karanta miki, ki tambayi abu guda: in na karɓi kaza, nawa zan mayar duka duka, kuma yaushe? Rancen sana'a kuma ba a aurar da 'ya da shi.

Ku yi hankali da masu zaƙin baki. Kamfanin Menzgold ya yi ta alkawarin riba 7 zuwa 10 cikin 100 ko wane wata, har hukuma ta tsayar da shi cikin Satumba 2018, mutane suka yi ta kuka a kan dukiyarsu. Cikin Mayu 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da rance 347 rana ɗaya. Duk wanda ya ce kawo ki zauna kuɗi su ninka, tambaye shi wace sana'a ce ke haihuwa haka, kuma don me bai yi ta shi kaɗai ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin ki ajiye ko sisi, a duba miki ko sunan wurin yana cikin jerin masu lasisi na Babban Banki.

Kuɗin waya ya sauƙaƙa ciniki, harajin da aka ɗora masa cikin 2022 kuma an soke shi cikin Afrilu 2025. In da hali, ki yi layin sana'a dabam da na gida. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko ɗan cikinki, balle wanda ya bugo ya ce ya turo miki kuɗi bisa kuskure. Kada kuma ki bar kuɗi da littafi su kwana a rumfa. Gobarar Kantamanto ta Janairu 2025 ta nuna yadda dukiyar shekaru ke zama toka kafin asuba.

Takardu ma kada a raina su. Mai sayar da abinci ta je a gwada lafiyarta ta karɓi shaida daga Majalisar Gari, ta riƙa sabuntawa. Wadda ke ɗura zoɓo ko fura ko yaji a kwalba da leda don kai wa kantuna, sai ta bi ta Hukumar Abinci da Magunguna. Wadda ke son asusun banki da sunan sana'arta, ta yi rajistar sunan a ofishin rajistar kamfanoni, ta tafi da katin ɗan ƙasa. Ki je da kanki ko da ɗanki, ki karɓi rasit a kan ko wane kwabo.

Abu na ƙarshe, shi ne mafi nauyi. Kada ribar teburi ta fito daga karatun yarinya. Wadda aka ɗora wa tire da asuba ta isa aji a makare tana gyangyaɗi, an ci uwar kuɗin da ta fi ta gwangwani. In za ta taya ki, ta taya bayan an tashi makaranta, a gabanki, kuma ki ba ta littafin ta riƙe. Yarinyar da ta iya raba uwa da riba tun tana 'yar shekara 12, ba mai cutarta a kasuwa ko a ɗakin miji.

Muna roƙon Magajiya da shugabannin ƙungiyoyin mata su karanta wannan a taronsu na gaba saboda waɗanda ba su karatu, limamai kuma su taɓa rabon maza ran Juma'a. Allah ya sa albarka cikin nema, ya tsare mu da bashin da ba mafita. Wasalam.