Injin tsaga katako a bayan gida: abin da bidiyon minti uku ba ya nunawa

Mai yawan leƙa Facebook, TikTok ko YouTube zai yi wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Bature ne sanye da toshiyar kunne, ya ɗora ƙaton gungume a kan wasu dogayen ƙarafa biyu masu kama da layin dogo, yana tura inji a kansu sannu a hankali, zarto na ratsa itacen daga wannan baki zuwa wancan. Ya ɗaga yankan farko, ya watsa ruwa, sai ga zanen cikin itacen ya bayyana kamar an yi masa ado. Minti uku an gama, mai kallo ya wuce yana ganin ai sana'a ce mai sauƙi.

Da yawan masu waɗannan injina ba 'yan katako ba ne. Manoma ne da direbobi da ma'aikatan da suka yi ritaya a Amurka da Kanada da Suwidin, waɗanda suka mayar da tsaga katako abin sha'awa na ƙarshen mako, yadda wani ke kiwon tattabaru. Sha'awa ce da ta cancanci yabo, domin tana mayar da itacen da za a ƙone ko a zubar ya zama tebur da ƙofa. Sai dai yabon yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ba a jikin injin yake ba. Yana ga amsar tambayar da bidiyon ba ya taɓawa: daga ina gungumen ya fito?

Inda abin ya samo asali

A da, mai gungume shi ke kai kayansa masana'antar tsaga katako. A 1982 wasu mutum biyu, Don Laskowski da Dan Tekulve, suka kafa kamfanin Wood-Mizer a jihar Indiyana ta Amurka, suka fara sayar da ƙaramin inji da ake iya ja da mota har inda bishiya ta faɗi. A 1989 aka kafa Logosol a Suwidin, daga baya kuma Norwood a Kanada. Yau injinan iri-iri ne. Akwai firam ɗin ƙarfe na 'yan ɗaruruwan daloli da ake ɗaura wa injin sare bishiya mai sarƙa. Akwai mai siririn zarto kamar bel, wanda ke zagaya tayoyin ƙarfe biyu, farashinsa daga dala dubu kaɗan har zuwa dubbai masu yawa idan mai ɗaga gungume da kansa ne.

Sirrin mai bel ɗin shi ne ƙarancin ɓarna. Duk yankan da ya yi, abin da yake mayarwa gari bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, alhali mai sarƙa yana cin kusan milimita 9. Lissafin a bayyane yake: gungumen da aka daidaita kaurinsa ya zama santimita 34 zai ba da falle 12 na katako mai kaurin inci ɗaya a injin bel, amma falle 10 kawai a injin sarƙa. Falle biyu sun tafi a ƙura.

Kasuwar injinan ta yi tashin gwauron zabo a lokacin annobar korona. Mutane na zaune a gida suna gyare-gyare, masana'antu sun rage aiki, farashin katakon gini a Amurka ya ninka kusan sau huɗu cikin shekara guda, ya kai ƙololuwa a watan Mayun 2021. Masu odar ƙananan injina suka riƙa jiran watanni kafin a kawo musu. Farashin katakon ya sauko daga baya, ya bar waɗanda suka sayi inji don gudun tsada kawai da nasu lissafin.

Yankan shi ne mafi sauƙi

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ɗanyen gungume mai tsawon mita uku zuwa huɗu yana iya haura tan guda, kuma sai an ɗauko shi, an mirgino shi kan injin, an juya shi bayan kowane yanka har ya zama mai kusurwa huɗu. Wanda ba shi da tarakta ko sarƙar ja, bayansa ne zai biya. Masu wannan aiki sun fi tsoron gungumen da ya kuɓuce ya mirgino kan ƙafa fiye da zarton kansa.

Zarton ma yana da nasa cin kuɗin. Bayan 'yan sa'o'i yana aiki sai ya dakushe, a cire a wasa shi ko a sa wani. Idan ɓawon itacen na ɗauke da yashi, dakushewar ta fi sauri. Idan kuwa bishiyar cikin gari ce, wadda aka taɓa kafa wa ƙusa ko aka ɗaure wa waya shekaru talatin da suka wuce har itace ya haɗiye ta, to haƙoran zarton na iya zubewa cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa masu hankali ke fara bin gungume da na'urar gano ƙarfe. Ga kuma ƙurar katako, wadda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanci, abin da ya kamata kowane kafinta ya sani, ba mai inji kaɗai ba.

Amma babban gwajin haƙuri yana zuwa ne bayan an kashe inji. Katakon da ya fito daga ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani lokaci ruwan ya kai rabin nauyinsa. Wanda ya yi gaggawar haɗa tebur da shi, bayan watanni zai ga teburin ya lanƙwashe, gaɓoɓinsa sun buɗe baki. Dole a jera fallayen a inuwa, sama da ƙasa, a sa siraran sanduna a tsakaninsu daidai da juna don iska ta ratsa, a shafe bakunansu da kakin zuma ko fenti don kada su tsage, a danne saman da nauyi. Ƙa'idar da masu aikin ke bi a ƙasashen sanyi ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri. Ko bayan haka, katakon da za a yi kayan ɗaki da shi a gidajensu masu na'urar ɗumama ɗaki sai danshinsa ya sauko zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, abin da iskar waje ba ta iya kaiwa a can. Sai an sa shi a ɗakin busarwa. Jami'ar Virginia Tech ma ta fitar da tsarin irin wannan ɗaki mai aiki da zafin rana, wanda mutum zai iya ginawa da kansa.

Wato wanda ya tsaga kakkauran falle mai inci biyu a yau, sai shekara biyu zai san ko ya yi aiki ko ya yi itacen girki. Ba wanda ke ɗaukar bidiyon wannan jira.

Sannan a yawancin sassan Amurka dokar gini ba ta yarda a tsayar da gidan kwana da katakon da ba shi da hatimin masu tantance inganci ba, sai a wasu jihohin da suka yi sassauci. Saboda haka katakon bayan gida yakan ƙare ne a rumfa, shinge, garejin mota, akurkin kaji da kayan ɗaki. Wanda ya lissafa kuɗin inji da mai da zarto da lokacinsa, sau da yawa zai ga sayen katako a kanti ya fi masa araha. Ribar tana wani wuri: mutum ya ci abinci a kan teburin da aka yi da bishiyar da kakansa ya dasa, wadda iska ta kayar. Wannan ba a sayensa a kanti, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Daga ina gungumen ya fito?

Abin da ya sa wannan sha'awa ta zauna lafiya a ƙasashen da ta yi ƙarfi shi ne itacen ya riga injin zuwa. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya a kusa da birnin Ditiroit na jihar Mishigan, wanda tun daga lokacin ya kashe miliyoyin bishiyar da suke kira ash a Amurka da Kanada. Hukumomin birane suka riƙa sare matattun bishiyoyi a bakin titi, kuma manyan masana'antu ba sa son gungumen cikin gari saboda ƙusoshi. Da ba don ƙananan injina ba, mafi yawansa niƙa shi za a yi ko a ƙone. Haka guguwa ke kayar da bishiyoyi duk shekara, haka masu gyaran bishiya ke neman wanda zai ɗauke musu gungume.

Sai kuma mallaka. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na dajin Amurka na iyalai ne da ɗaiɗaikun mutane. A Suwidin, inda daji ya rufe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, kimanin rabinsa na ɗaiɗaikun mutane ne, kuma tun 1903 doka ta wajabta wa wanda ya sare ya tabbatar wani ya tsiro a gurbin. Mai tsaga katako a irin wannan wuri dukiyarsa yake taɓawa, wadda yake son ya bar wa 'ya'yansa. Idan ya wuce gona da iri, shi zai fara ji a jikinsa.

A cire waɗannan abubuwa biyu, a bar injin shi kaɗai, sai labarin ya canza. Abin da ya sa yake burge mutane, wato sauƙin kai shi har gindin bishiya, shi ne kuma ya sa yake da haɗari a dajin da ba mai tsaronsa. Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da injin sarƙa tun 1998, amma bincike ya sha nuna cewa mafi yawan katakon da ke kasuwannin cikin ƙasar ta wannan hanya yake fitowa. A Najeriya an ga yadda aka yi wa madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira madrid, ɗaukar amarya daga dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta zuwa China, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Injinan sare bishiya na hannu ne suka yi wannan aika-aika, ba wata ƙatuwar masana'anta ba.

Wani zai ce ai wancan kasuwanci ne, wannan kuwa sha'awa ce, bai kamata a haɗa su ba. Gaskiya ne niyyar ta bambanta. Amma inji ba ya zama haka nan. Wanda ya zuba miliyoyin naira ya shigo da shi ba zai zuba masa ido yana tsatsa ba, kuma ranar da itacen da ya faɗi da kansa ya ƙare, wani zai zo ya ce akwai madaci a bayan gari, akwai ƙirya a dajin gwamnati, malamin daji kuma ana iya magana da shi. Daga wannan rana inji ne ke neman abinci, mai shi na bin sa a baya.

Wannan ba yana nufin ƙaramin inji ba shi da gurbi a Arewa ba. Katakon ginin da ake sayarwa a kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano daga nesa ake kawo mafi yawansa a manyan motoci, ga tsadar man dizal. A lokaci guda kuma, duk sanda aka faɗaɗa titi ko iskar farkon damina ta yi ɓarna, ana faskara manyan darbejiya a sayar wa masu tuya da masu gidan burodi. Darbejiya kuwa dangin madaci ce, katakonta ja ne mai kyau, gara ba ta cika damunsa ba. Ga turare da aka dasa a gandaye da shingayen kare iska, wanda ke sake tohowa bayan an sare shi, ko da yake katakonsa mai gardama ne wajen bushewa. Inji guda a hannun ƙungiyar kafintoci ko makarantar koyon sana'a, wanda ba ya karɓar gungume sai da takardar da ta nuna inda ya fito, zai fi amfani a kan inji goma a hannun masu neman kuɗin gaggawa.

Manoman Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun riga sun nuna abin da mallaka ke yi. Da sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a gona ana rage masa rassa, suka dawo da bishiyoyi a kan kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, kuma abin ya yi ƙarfi ne bayan manomi ya samu tabbacin cewa gawon da ke gonarsa nasa ne, ba na jami'in daji ba. Irin wannan manomi, wanda ya reni bishiya shekara ashirin, shi ne ya fi kusa da matsayin Baturen cikin bidiyo, ba ɗan birnin da ke da kuɗin odar inji ba.

Shi ma idan ya samu injin, ƙa'idar shekara guda ga kowane inci ba tasa ba ce. A Sahel matsalar saurin bushewa ce: iskar hunturu tana busar da fatar katako cikinsa na jiƙe, sai ya tsattsage tun bai yi wata ba. Zai buƙaci rumfa mai inuwa sosai, da tabarma ko buhu ta gefen da iska ke bugowa, da bulo ko ƙarfe a ƙarƙashin jerin saboda gara, sannan ya riƙa leƙawa duk mako.