LEMUN TSAMI BA YA WANKE BARASA

Cikin sana'o'in da ake kwaɗaita wa matasa a manyan otal-otal, da hotunan bidiyo masu yawo a wayoyi, akwai wadda ake kira wai gwanintar haɗa abin sha. Za a nuna saurayi tsaf-tsaf ya zuba barasar jin a gwangwanin ƙarfe, ya matsa lemun tsami, ya ƙara ruwan sukari da ƙanƙara, ya girgiza, ya tace a tambulan. Sunan haɗin Gimlet. Sai a ce wai wayewa ce, wai ai lemo ne mai ɗan yaji. Wannan magana ƙarya ce tsagwaronta, kuma tarihin haɗin ya isa ya tona asirinta.

Asalin lemun tsami a jiragen ruwan Ingila magani ne. Matuƙan da suka daɗe a teku babu ɗanyen abinci sukan kamu da ciwon da ke kumbura dasashi, haƙora su zube, mutum ya mutu. A 1747 wani likita mai suna James Lind ya gwada lemo a kan marasa lafiya, ya ga sun warke. A 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemo ga sojojinta, a 1867 kuma doka ta wajabta shi a jiragen 'yan kasuwa. A shekarar ne Lauchlan Rose ya yi rajistar dabarar adana ruwan lemun tsami da sukari ba tare da barasa ba. To, ga ni'imar Allah tsarkakakkiya ta samu, amma sai mashaya suka tsiyaya mata jin, domin tsami da zaƙi su rufe ɗacin giya, ta wuce maƙogwaro salin-alin. Aikin lemun a cikin tambulan ke nan: lulluɓi.

Ita jin ɗin da ake lulluɓewa, kusan kashi 40 cikin 100 nata zallar sinadarin maye ne. Irinta ce Turawa suka riƙa jibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma, har harajinta ya zama babban jigon kuɗin shigar gwamnatin mallaka a Kudancin Nijeriya. Su kansu 'yan mulkin mallaka, bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, sun hana sayar da ita ga mutanen Arewa. Abin da kafiri mai bindiga bai iya ɗura wa kakanni ba, shi ne yau jikoki ke biyan kuɗi a koya masu girgizawa!

Wani zai ce shi ba ya sha, haɗawa kawai yake yi don neman abinci. Wannan hanzari ba shi da ƙafa. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida umarni ta yi da a nisanci giya, ba a daina kurɓa kaɗai ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa mutum 10 da la'ana ta hau kansu saboda giya, ciki har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Mai girgiza gwangwani ya faɗi inda ya fita daga cikinsu.

Wanda kuma sai Bature ya faɗa yake yarda, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, a 2023 kuma ta bayyana cewa babu wani gwargwado nata da ba ya cutarwa. Rundunar ruwan Ingila ma ta soke rabon barasar kullum ga sojojinta tun 31 ga Yuli, 1970.

Talauci gaskiya ne, rashin aiki ma gaskiya ne, amma matashin da ya san darajar kansa gara ya tura baro a kasuwa da ya tsaya bayan kanta yana shayar da azzaluman da suka wawashe dukiyar al'ummarsa. Wajibi ne 'yan uwa su ja kunnen duk wanda suka ga ya doshi wannan hanya, su kuma taimaka masa da sana'ar halal. Allah Ya tsare matasan Musulmi, Ya wadata su da halaliyarsu.