Ons Jabeur: Me ya sa Doha ta zama tamkar gida ga tauraruwar tanis ta Afirka?

Gasar tanis ta mata da ake yi duk watan Fabrairu a birnin Doha ta gudana a 2026 ba tare da Ons Jabeur ba. 'Yar wasan ta Tunisiya ta ajiye wasa tun watan Yulin 2025, bayan da ta fice daga gasar Wimbledon a zagayen farko ba ta kammala wasanta ba, daga baya kuma ta sanar da cewa tana ɗauke da juna biyu. Rashinta ya bar giɓi a filin wasa na Khalifa, inda Larabawa da 'yan Afirka mazauna Qatar suka saba cika kujeru da tutocin Tunisiya.

Alaƙarta da birnin ta daɗe. A Doha ta fara buga babbar gasar ƙwararru ta hukumar WTA a 2012, tana da shekara 17, bayan masu shirya gasar sun ba ta gurbin alfarma. An cire ta a wasan farko. Shekara takwas bayan nan ta dawo filin ta doke Karolina Pliskova, wadda a lokacin take ta uku a duniya, ta kai zagayen kwata-fainal. A 2025 ma, duk da raunukan da suka addabe ta, ta sake kaiwa wannan mataki.

An haifi Jabeur ranar 28 ga Agustan 1994 a garin Ksar Hellal, ta tashi a Sousse, kuma mahaifiyarta ce ta fara kai ta filin tanis tana da shekara uku. Ta lashe gasar matasa ta Roland Garros a 2011, amma sai da ta shafe kusan shekara tara tana faɗi-tashi kafin duniya ta san da ita. Daga 2020 ƙofa ta buɗe. Ita ce Balarabiya ta farko da ta kai kwata-fainal a ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya, a Ostireliya. Ta ɗauki kofin Birmingham a 2021, ta ɗauki na Madrid a 2022, ta hau matsayi na biyu a duniya. Sau uku tana kaiwa wasan ƙarshe a manyan gasannin, biyu a Wimbledon, ɗaya a Amurka, kuma duk ukun ta sha kashi. Na 2023, wanda Marketa Vondrousova ta doke ta, shi ne ya fi yi mata ciwo, domin kusan kowa ya ɗauka kofin nata ne.

Wanda ya taɓa kallon wasanta ya san abin da ya bambanta ta. A zamanin da yawancin 'yan wasa suka dogara da ƙarfin dantse, ita da dabara take cin abokiyar karawa: ta sassauta bugu, ƙwallo ta faɗo dab da raga, a bar abokiyar wasa tana gudun banza. A gida ana kiranta Ministar Farin Ciki.

Tambayar da tarihinta ya tayar ita ce, me ya sa 'yar Afirka sai ta je yankin Gulf kafin ta ji ɗumin gida a babbar gasa? Amsar tana cikin yadda aka tsara wasan. Ɗan tanis ba shi da albashi irin na ɗan ƙwallon ƙafa. Shi zai biya mai horar da shi, ya biya kuɗin jirgi da masauki, sannan matsayinsa ya dogara da makin da yake tarawa mako bayan mako. Wanda ƙasarsa ke da gasanni yana tara maki a ƙofar gida, ana kuma yi masa alfarmar shiga. Afirka ba ta da gasa ko ɗaya mai darajar maki 1000. Waɗanda nahiyar ta samu a ɓangaren mata, irin ta Rabat da ta Monastir da aka fara a 2022, masu maki 250 ne. Saboda haka gurbin da Doha ta ba Jabeur a 2012 ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ita ma Qatar tana da nata giɓin. Tun 1993 take shirya gasar maza, ta fara ta mata a 2001, ta karɓi baƙuncin gasar ƙarshen shekara ta WTA daga 2008 zuwa 2010. Roger Federer ya ɗauki kofin Doha sau uku. Amma har yanzu ƙasar ba ta fitar da ɗan wasa ko ɗaya da ya shiga sahun ɗari na farko a duniya ba. Kuɗi na gina fili ya kuma jawo taurari, renon ɗan wasa kuwa aikin shekara goma sha ne. Jabeur ta cike wa Doha gurbin 'yar gida, kamar yadda Younes El Aynaoui na Maroko ya yi lokacin da ya lashe gasar maza a 2002.

A kudu da Sahara lamarin ya fi tsanani. Nduka Odizor na Najeriya ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, kuma fiye da shekara 40 ke nan ba a samu ɗan ƙasar da ya maimaita hakan ba. Akwai gasanni irin su Dala Hard Court ta Kano da suka riƙe wasan a raye, amma daga nan zuwa filin Khalifa tafiya ce da ba kowane iyaye ke iya ɗaukar nauyinta ba.

Jabeur ta nuna aniyar dawowa bayan haihuwa, kuma akwai misalai a gabanta: Kim Clijsters ta lashe gasar Amurka a 2009 tana uwa, Elina Svitolina ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon a 2023 watanni tara bayan ta haihu. Dokokin WTA sun ba mai jego damar shiga wasu gasanni da tsohon matsayinta. Abin da ba su ba ta ba shi ne lokaci, domin a Agustan 2026 take cika shekara 32.